Yajin Jego daga Kasuwar Bayan Dutse

An daɗe ana faɗi a garin Kwarin Shaho cewa akwai wata kasuwa a bayan Dutsen Turmi wadda ba mutane ke cinta ba. Wai ranar Laraba take ci, da rana tsaka, kuma ba a kasa komai a cikinta sai kayan yaji. Wai yajin can, ko wanda ya yi wata bai sa loma a baki ba aka barbaɗa wa, sai ya tashi ya nemi ƙari. Aka kuma ce mutanen kasuwar ba su san tauye mudu ba. Masu faɗin haka suna da yawa, amma in ka tsare mutum ka ce wa ya je ya gani, sai ya hau sosa ƙeya.

Tasalla mai kayan yaji ba ta taɓa yarda da ko kalma ɗaya ba. Shekara arba'in ta yi tana bin kasuwanni da jakinta, daga bakin hamada inda ake sauke gishiri da kanwa har can kudu inda ake haƙo ɗanyar citta, ba ta taɓa haɗuwa da mai awon da hannunsa bai karkata gida ba. Hancinta ne jarinta. Takan murza kanumfari tsakanin yatsu ta ce an riga an tatse mansa. Takan shinshina masoro ta ce an cakuɗa shi da 'ya'yan gwanda, a zazzage a ga haka ne. Kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa tashi daga gaban mai kaya ba sai ta ce a gyara mata. Ko ƙoƙo ɗaya ta saya, sai an ɗora mata ɗan ƙari a kai. 'Yan kasuwa har tsokanarta suke yi, wai ranar da aka auna mata likkafani ma sai ta ɗago kai ta ce a gyara.

A daminar nan 'yarta tilo, Hakama, ta zo gida goyon ciki, ta haifi 'ya mace. An raɗa mata suna, amma kowa Marka yake ce mata saboda ruwan da aka kwana uku ana yi. Tasalla ta daka yajin jego da hannunta, citta da kimba da masoro da kanumfari, irin wanda matan gari ke bin layi su saya. Hakama ta lasa ta ce toka. Aka dama kunun kanwa, ta kurɓa ta ce toka. Aka gasa mata nama, ta tauna sau biyu ta furzar. Kwana ashirin ana haka. Ta rame har zobe ya zame daga yatsanta, nono ya ƙafe. Ita kuwa jaririyar mai ci ce. Madarar akuya ake ɗiga mata, in ta ƙare ta cafke yatsan kakarta tana tsotsa kamar za ta cire shi.

"Ke ƙawata, sakar mini yatsa, da shi nake awo," in ji Tasalla.

Iya Dudu ungozoma ta ja ta bayan ɗaki ta ce, "In ta ƙara mako ɗaya a haka, ki fara tunanin wadda za ta riƙe marainiya."

Mutum ɗaya ne a garin ake nunawa da baki a ce ya je kasuwar, Gambo mai tsire. Shekara bakwai da suka wuce tsohuwarsa ta daina cin abinci, har an fara zaman jiran rai, sai ga ta ta miƙe ta ƙara shekara huɗu a duniya. A shekarar da ta miƙe ɗin ne kuma ya binne autansa, ɗan goye. Tasalla ta same shi bakin tukuba ranar Talata.

"Gambo, an ce kai ne ka je Bayan Dutse. Na saba jin ƙaryar mahauta, yau sabuwa na zo saye."

"Gwaggo, in tsire kike so ga shi. In tsiya kika kawo, mun tashi."

Ta zari tsinke ɗaya, ta gutsura, ta tofar. "Gishirin nan ai sai ya kashe jaki. Yaushe rabonka da ɗanɗana naman da kake sayar wa mutane?"

Gambo ya gyara garwashi. "Matata ke sa gishirin. Yau ta tafi biki." Ya juya tsire. "Shekara bakwai, Gwaggo."

Sai ya gaya mata hanya.

Laraba da hantsi ta ɗaura ɗamara, ta ɗauki ƙwarya da tsumma da gorar ruwa, ta bar jaki a turke. Ta sha wucewa ta gindin Dutsen Turmi, ta san jikinsa sumul yake. Amma da rana ta take inuwa sai ga tsaga a jikinsa, daga ciki ana jin lugude, ƙamshin citta na bugowa. Tasalla ta ce, "To, ɗaya ta tabbata." Ta karkace ta shiga.

Ta fito a wani kwari inda barkono ke ci da wuta tudu-tudu, jan hayaƙi ya rufe sama. Tun jiya Gambo ya ce mata a toshe hanci a sheƙa da gudu, shi ma haka ya yi, ya yi wata yana tarin jini. Ta duba ta ga ƙasusuwan mutane a warwatse, kowanne ya kife da fuska, hannu a kan hanci. Ita da ta tsufa a bakin turmin barkono ta san in mutum ya yi gudu dole ya yi haki, in ya yi haki kuwa ya gama shaƙa. Ta jiƙa tsumma ta ɗaure fuska, ta durƙusa, ta bi gefen da iska ke fitowa da rarrafe. Gwiwoyinta suka saɓule, idanunta suka kumbura, amma ta fita.

Gaba da nan wani fili ne na gishiri, fari fat, sai huda tafin ƙafa yake. A ƙarshensa ga ƙofa, ba katanga hagu ba katanga dama. Mai tsaronta dogo ne kamar giginya, ba ido ba baki, fuskar duk hanci ce, muryarsa daga ƙirji take fita.

"Tsaya nan, 'yar Adam. Duk wanda ya iso ƙofar nan warin tsoro nake ji a jikinsa. Ke kuwa warin musu kike yi."

"Ranka ya daɗe, musu ya kawo ni rabin hanya, larura ta ƙaraso da ni."

"Ba mai shiga kasuwarmu sai mai hanci. Ga ƙoƙo uku na kanumfari. Nuna mini na ƙwarai. In kin kuskure, ki zama gishiri a taka ki."

Ta murza na farko ta ce, "Wannan an dafa shi an shanya, gawa ce." Ta shinshina na biyu ta ce, "Wannan a maƙabarta itacensa ya tsiro." Na uku ta daɗe a kansa, sannan ta ajiye ta goge hannu a zani. "Wannan ba kanumfari ba ne, ƙusoshi ne aka turara. Ranka ya daɗe, babu na ƙwarai a cikinsu. In haka kayanku suke, na sha wahalar banza."

Mai tsaron ƙofa ya yi dariya har gishiri ya dare. "Shiga. Amma ki riƙe wannan. Kasuwarmu ba ta san kuɗi ba, iri da iri ake musaya. Kuma duk abin da ya shiga mudunmu, daga wani wuri ya fito."

Kasuwar ta fi duk wadda Tasalla ta taɓa gani. Rumfuna ne ba iyaka, rufinsu ɓawon kirfa. Ga citta ƙato-ƙato tana motsa yatsu a kan tabarma, ga tafarnuwa na numfashi, ga masoro yana tsalle cikin faifai ba mai sheƙa shi. Masu kayan wasu kawunansu a juye, wasu inuwa ce kawai da rawani. Suna ganinta suka yo caa, kowa da ɗan garin yajinsa a bakin tsinke.

"Baƙuwa, ɗanɗana! Lasa ba saye ba ce!"

"Uwata, nan, nan! Taɓa wannan ki ji abin da ba ki taɓa ji ba!"

Ta kusa miƙa harshe, don a kowace kasuwa haƙƙin baƙo ne. Sai ta lura da waɗanda ke tsugune a gindin rumfunan. Mutane ne, 'yan Adam, sun bushe kamar kilishi, suna lasar ƙasa. Ɗaya ya kama gefen zaninta. Ta duba da kyau ta gane Nomau dillali, wanda aka ce kura ta cinye shekara goma baya.

"Gwaggo Tasalla," ya ce, harshensa ya siɗe ya zama kamar ganye, "miyar da uwata ta yi mini ce ina yaro. Lasa ɗaya suka ba ni. Ce musu su ƙara mini ɗaya, ɗaya tak."

Mai rumfar ya ɗauki ƙwaya guda ya wurga tsakaninsu. Masu lasa suka afka wa juna da cizo da yaƙushi, 'yan kasuwa na tafi suna shewa. Tasalla ta fizge zaninta, ta dantse leɓe, ta ce wa mai tallan da ya tare ta, "Da hanci nake saye. Ina mai awonku?"

Aka nuna mata tsakiyar kasuwa. Can wata tsohuwa take zaune a kan kifaffen turmi, gashinta fari kamar saiwar albasa, hannayenta a naɗe a cinya kamar igiyar guga. Ita ce Korama, shugabar masu awo. A bayanta wata bishiya ce busasshiya, an rataya mata ƙananan ƙunsuna dubbai.

"Sannu da kasuwa, Korama."

"Sannu da hanya, mai hanci. Faɗi buƙatarki."

"Yajin da ke tada wanda ya ƙi abinci."

"Ba mu da yaji ɗaya na kowa da kowa. Duk ɗanɗanon da ya faɗi daga harshen ɗan Adam, ko ciwo ya kakkaɓe shi, ko tsufa, ko baƙin ciki, 'yan kalarmu na tsinto shi su ƙunsa. Na wadda kika zo dominta yana cikin waɗannan. Nemo shi. Sau ɗaya ake tsinka. In kin tsinko na wani, ga wurinki can cikin masu lasa."

Tasalla ta shiga bin ƙunsuna ɗaya-ɗaya. Wannan goro da taba, na wani tsoho ne. Wannan zuma da man shanu, na wanda bai san yunwa ba. Wannan tafasa da rama ba gishiri, ta yi maza ta wuce. Inuwa ta fara gocewa, masu rumfuna suka fara naɗe tabarmi. A wani reshe na ƙasa ta shinshini tsamiya, da ɗanyar gwaiba, da ƙanzon tukunya, wanda wata yarinya ke sata ta ɓoye a bakin zani tana rantsuwa ba ita ba ce. Tasalla ta miƙa hannu. Ta tsinko.

"Faɗi sunan mai shi," in ji Korama.

'Yar fari ce. Shekara ashirin da huɗu Tasalla ba ta taɓa kama sunanta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Ta buɗe baki sau biyu tana rufewa. A na uku ta ce, "Hakama."

"Kin dace. Musayarsa abin da ke harshenki da abin da ke hancinki."

"Harshen kaɗai, Korama. Da hancin nake ci."

"Albarka."

"Harshen da rabin hancin."

"Albarka. Rana na tafiya, 'yar Adam."

Tasalla ta tuna zoben da ya zame. Ta ce, "Na saya."

Korama ta warware hannu ɗaya, ta ɗauki ƙoshiya ta kankare harshen Tasalla, ta tara mata mudu ta ce ta fyace. Wani gari ya zubo, ja da baƙi da ruwan ɗorawa, ɗanɗanon kasuwa ɗari da tafiyar shekara arba'in. Ya cika mudu ya yi tozo har yana zuba. Korama ta juye shi a sabon ƙunshi tana lumshe ido. Kasuwar da ɗazu ƙamshinta ke hawa kai ta koma wa Tasalla kamar tsohon kango.

Sannan Korama ta kwance ƙunshin Hakama ta zazzage a mudun. Ta juya ƙyallen ciki waje, ta kakkaɓe, ta nuna wa Tasalla babu ko ƙura da ta rage. Ya kawo bakin mudu daidai, a shafe.

Tasalla ta sa ido tun daga farko, ta san ba a tauye ta ba. Amma ta ga nata ya yi tozo, ga wanda ake miƙo mata a shafe, ga ƙwaryarta a buɗe.

"Haba Korama, a gyara mana."

Lugude ya tsaya cak. Masu talla suka yi tsit. Har masu lasa suka ɗago kai.

"Kin ce a gyara?" in ji Korama.

Tasalla ta san irin wannan shirun. Duk mai kayan da ta taɓa roƙa sai ya ɗaure fuska kamar an ce ya ba da idonsa, daga baya ya ƙara. Ta gyara tsayuwa.

"Na ce a gyara. Ba a taɓa sallamata haka ba, ba kuwa za a fara a nan ba."

"Mun ji. Kasuwa ta shaida."

Korama ta warware ɗaya hannun. Ya yi ta miƙewa, ya wuce rumfuna, ya wuce ƙofa, ya ɓace wajen filin gishiri. Jim kaɗan ya naɗo ya dawo da wani ɗan farin gari tsakanin yatsu biyu, mai laushi, bai fi a rufe ƙumba da shi ba. Ta barbaɗa a kan mudun.

"Sabon kaya ne. Ko wata bai yi ba."

Kowane mai kaya haka yake cewa. Tasalla ta kai ƙwaryar hanci kamar yadda ta saba. Ba ta ji komai ba. Ta ce wataƙila wani irin gishiri ne nasu. Ta yi godiya, ta rufe ƙwarya da faifai, ta juya.

Ta wuce mai tsaron ƙofa. Ta keta gishiri, ta rarrafa kwarin barkono, ta fito ta tsagar dutse, ya haɗe a bayanta. La'asar ta yi mata a ƙofar gida.

Iya Dudu na zaune da jaririya a cinya. "Ina kika shiga haka? Yarinyar nan tun azahar ta ƙi madarar, na yi na yi."

"Ƙawata fushi take, na tafi yawo ban goya ta ba. Bari in gama da uwarta in zo mu shirya."

Ta dama kunun kanwa, ta juye garin duka a ciki, ta tallafo kan Hakama. Kurɓar farko Hakama ta buɗe ido. Ta biyu ta kama ƙwaryar da hannu bibbiyu. Ta shanye tana kuka, ta siɗe ƙwarya da yatsa, ta ce ko akwai ƙanzo. Iya Dudu ta rangaɗa guɗa.

"Inna, me kika sa a ciki?" in ji Hakama. "Akwai wani ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshensa, kamar madara mai ɗumi. Ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba."

"Gyara ne aka yi mini," in ji Tasalla, har da ɗan alfaharinta.

Da safe nono ya kawo, har yana jiƙa zani. Aka miƙa wa Hakama 'yarta. Marka ta taɓa da leɓe, ta kau da kai. Aka juya ta ɗaya gefen, ta kau da kai. Aka tatsa aka ɗiga mata, ya biyo gefen baki ya zube. Aka gwada zuma, aka gwada ruwan dabino. Tasalla ta karɓe ta ta ce, "Zo nan ƙawata, ga yatsan naki, yau na bar miki shi." Ta sa mata a baki. Yarinyar ta bar shi a kan harshe, tana kallon sama, ba ta tsotsa ba.

Tasalla ta tuna ɗan farin garin nan, ta zare yatsanta daga bakin jaririya. Sannan ta ajiye ta, ta fita ba mayafi.

Gambo na hura wuta. Ta ce, "Da Korama ta auna maka, ka ce a gyara?"

"Wa ke sayayya bai ce a gyara ba, Gwaggo?"

"Me ta ƙara maka?"

"Wani ɗan farin gari. Me ya faru?"

"Autanka da ka binne. Nono ya ƙi sha?"

Mafici ya faɗi daga hannun Gambo. Ya dafa tukuba, bai ji zafinta ba, ya sulale ya zauna a toka. Tasalla ba ta tsaya ɗaga shi ba. Ta nufi Dutsen Turmi, ta same shi sumul, don ranar Alhamis ce. Ta buga shi da dutse, ta buga da hannu, ta kira Korama har muryarta ta dushe. Ta koma Juma'a, ta koma Asabar, ta koma Lahadi.

Marka ta rasu ranar Litinin da hantsi, saura kwana biyu kasuwa ta ci. Hakama ta warke, ta yi arba'in ta koma ɗakinta, ba wanda ya gaya mata abin da ta sha. Tasalla ta sayar da jakin.

Kasuwar Bayan Dutse tana nan, ranar Laraba take ci. Yajinta yana tada wanda ya ƙi abinci. Mutanenta ba sa tauye mudu. Gyara kuwa daga gidan mai saye suke ɗebo shi, daga bakin wanda ya fi kowa ƙanƙanta.